Anten ɗin Bayan Lakwal

Jiya da la'asar ina wucewa ta gaban fadarku na ji Sani mai kabu-kabu yana cewa aikin anten ba sana'a ba ce, hawa ne kawai, duk wanda ya taɓa hawan dabino zai iya. Kuka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don na san Sani, ko tsanin masallaci ya hau sai ya rungume bango. To yau na zo da kujerata da jakar aikina. Ku zuba mini shayin farko, mai ɗacin, ku bar latsa salula ku saurara. Wannan rezo da kuke hira da ƴan mata da shi, da hannu aka ɗora shi a sama, kuma wasu daga cikin hannuwan nawa ne.

Ga jakar, ku duba. Wannan ɗamara ce, ita ke riƙe da ranka. Ƙugiya biyu gare ta, kuma dokar ita ce ba a taɓa cire su duka a lokaci guda: ka maƙala ta dama kafin ka saki ta hagu, ko da taku ɗaya za ka matsa. Wannan kile ne na ɗaure bulon, kusoshin nan masu noti da ke haɗa ƙarafa. Kun ga zaren da ke gindinsa? A wuyan hannu ake ɗaure shi, don kilen da ya kuɓuce daga ƙoli ya fi dutsen majajjawa, kuma abokinka ne a ƙasa. Wannan nibo ne, ruwan da ke cikinsa shi ke gaya maka ko ƙarfe ya miƙe ko ya karkace. Sai puli, irin wanda ake jan guga da shi a rijiya mai zurfi, sai igiya, sai hular kwano. Ba su da yawa. Sanin lokacin da za a ɗauki kowanne shi ne sana'ar.

Mahaifina magini ne a unguwar Birni, nan Damagaram, na sorayen ƙasa. Kowace shekara kafin damina ana kiransa yaɓen rufi, ni kuma ina miƙa masa curin ƙasa. Ban taɓa ganin ya sa ƙafa a tsani ba sai ya tsaya ya buɗe murya: "Gafara dai masu gida! Namiji zai hau sama!" Sai ya dakata. Yana ba matan maƙwabta lokaci ne, mai wanka ta gama, mai ɗaurin ƙirji ta ja mayafi, wadda ke makewayi ta fito. Gidajenmu katanga gare su, ba rufin tsakar gida, kuma katanga mai tafiya a ƙasa kawai take tarewa. Ban gaji gini ba, walda na koya a unguwar Zango, ina yin ƙofofi da gadaje. Amma wannan kiran na ɗauke shi daga bakinsa ban ma san na ɗauka ba.

Wanda ya shigar da ni aikin anten wani Babarbare ne, shugaban ƙungiyar masu kafa anten, Shef Kiyari, gajere mai ƙaton wuya, ba ya dariya sai an sauko. Ya kawo mini gyaran wani ƙarfe, ya tsaya yana kallon yadda nake aiki, ya ce in ina son ganin Damagaram daga sama in same shi gobe. Na je da zumuɗi, ina jin yau zan taɓa gajimare. Sai ya zaunar da ni gaban buhun bulon ya ce in ware su, manya daban, ƙanana daban. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, ƙafata ba ta bar ƙasa ba. Ina ware bulon, ina karanta lambar da ke jikin kowane ƙarfe, ina koyon ƙullin igiya, ina jan puli har tafin hannuna ya zama kamar ƙirgi. Da na yi ƙorafi ya ce, "Laminu, na sama ransa yana hannun na ƙasa. In ka aika masa ƙarfen da ba shi ba, ko ƙullinka ya kwance, kai ka kashe shi. Ka iya ƙasa tukuna."

Hawana na farko a bayan Mirriya ne, cikin bazara. Da hantsi ƙarfen ya riga ya ɗauki zafi, ta cikin safar hannu kana jin sa. Da na wuce tsayin kuka sai na tsaya na leƙa ƙasa. Abin da ba wanda zai gaya muku shi ne anten yana motsi. Daga ƙasa kuna ganin sa tsaye ƙyam, amma a ƙoli yana lilo a hankali, kuma haka aka yi shi, wanda ba ya lilo karyewa yake. Shef Kiyari yana samana ya leƙo ya ce, "Kana kallon me a ƙasa? Ka bar wani abu a can? Idonka a kan bulon." Wannan ita ce dokarsa ta biyu, kuma amfani biyu gare ta. Tana hana jiri, tana kuma hana ka ganin abin da ba naka ba a gidajen mutane. Ya taɓa sallamar wani gwani, wanda ya fi mu duka saurin hannu, saboda ya nuna wa abokinsa wani gida da yatsa daga sama.

A wannan aikin na koyi cewa ba a ɗaure bulon tamau tun farko. Ana sa su duka sako-sako, a ɗora nibo, a daidaita hawan gaba ɗaya, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙulle. Mai gaggawa ya ƙulle na farko, sai ramin na ƙarshe ya ƙi haɗuwa, ya tsaya a sama yana zagin ƙarfe. Na koyi duba gabas kafin in hau, don hadarin bazara ba ya sallama. Na koyi ƙwanƙwasa ƙarfe in saurara kafin in sa hannu a kusurwa, don rina na son yin gida a nan, kuma wanda rina ta harba a sama ba shi da wurin gudu.

Masu ba mu aiki suna Yamai, yawancinsu ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ni a wurina masu aikin su ne mutanen da za su kwana a ƙarƙashin abin da na kafa. Kuma mafi yawa da murna suke tarbar mu. Na tuna wani gari a ƙasar Guna inda duk mai son kiran ɗansa da ke ci-rani sai ya hau wani tudu ya ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa. Ranar da kamiyonmu mai ɗauke da ƙarafa ya shigo, mata har guɗa suka yi, fura kuwa sai da muka rasa inda za mu sa ta. Saboda haka lokacin da Shef Kiyari ya ajiye aiki na zama shef, na ɗauka na gama sanin mutane kamar yadda na san ƙarfe.

Sai shekarar da nake son ba ku labari. Wani gari ne a ƙasar Hamdara, ba zan faɗi sunansa ba, za ku gane dalili. Filin da aka samu yana jingine da katangar baya ta lakwal, wato makarantar boko ta garin. Mun haƙa rami mun zuba beto, wato kankare, cikin bakansi, babban hutun makaranta, ba yaro ko ɗaya a wurin, sai awaki. Muka bar shi ya bushe, muka dawo da ƙarafa bayan an koma karatu, ana cikin yankan hatsi. Kowace safiya kafin mu hau ina yin kiran mahaifina, in juya gabas in juya yamma, matan gari har sun saba, wasu na amsa mini daga cikin gida. Hawa na ɗaya, na biyu, lafiya lau. Da muka wuce kan itacen bedin da ke farfajiyar lakwal sai fuskar gari ta canza.

Wata safiya muka iso muka tarar da magidanta sun shimfiɗa tabarmi a kan ƙarafanmu sun zauna. Ba sanda, ba zagi. Mai gari yana tsakiya da carbinsa. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya ƙalau, Shef. Mutanena ne suka ce ba su yarda da wannan abu kusa da ƴaƴansu ba. An ce yana fitar da wata iska da ba a gani, tana shiga kan yaro ta taɓa ƙwaƙwalwa. An ce har haihuwa tana hanawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a ma kunna shi ba. Ƙarfe ne tsirara."

Ya ce, "To gara a tsaya tun yana tsirara."

Aiki ya tsaya. Abin dariyar shi ne waɗanda suka hana mu aiki su ne ke aiko mana da tuwo da rana. Na kira injiniyan da ke kula da yankinmu, Mushe Abdu, yadda ake kiran ɗan boko da faransanci, mutumin kirki mai haƙuri, ba irin masu zuwa su yi wa ƙauye faransanci su tafi ba. Ya zauna a tabarma ya yi bayani da Hausa tsantsa. Ya ɗebi dattawa a motarsa ya kai su Mirriya gindin wani anten da ya daɗe yana aiki, ya fito da na'urar awo ya nuna musu, ya haɗa su da masu gidajen da ke wurin, ga ƴaƴansu nan suna ta guje-guje. Dattawa suka ce, "Mun gani, Mushe, Allah ya saka." Washegari suka koma kan tabarminsu. Ni ba likita ba ne, kuma ban raina mai tsoro ba, akwai waɗanda da gaske tsoron iskar suke ji. Amma na ga mutane da yawa da bayani ya gamsar, na kuma ga waɗanda bai gamsar ba. Waɗannan dabam suke. Suna saurare kamar mutumin da ake ba shi maganin ciwon kai alhali ƙafarsa ke ciwo.

Shugabar lakwal ɗin wata mace ce, Madam Hawa, ƴar Damagaram ce da aka turo garin tun da ƙuruciyarta. Lokacin da ta zo, ƴan mata a lakwal ba su cika benci guda ba. Gida-gida ta bi, shekara da shekaru, tana zama da iyaye mata a bakin murhu, tana jure baƙar maganar iyaye maza, har ta samu aji na ƙarshe, masu jarrabawar fita a farkon damina, rabinsa mata ne. Wannan ajin shi ne aikin rayuwarta. Kuma tun satin da muka wuce kan bedi, manyan ƴan matan suka fara ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, har benci ya koma wayam. Ita ta san garin: yarinyar da ta yi shekara guda a gida, an saba da hannunta a daka da ɗiban ruwa, ba ta komawa aji.

Ta same ni gindin kamiyo ina shafa wa igiya mai. Muka gaisa. Ta ce, "Malam Laminu, ka leƙa ajina?"

Na ce, "Na ga yara sun ragu, Madam. Tsoron iskar nan ne."

Ta ce, "Mazan duka suna nan."

Na tsaya da shafar man. Ta ce, "Iskar taku mata kawai take kamawa?" Ta gyara mayafinta, ta kalli gefe. "Ni ba zan iya faɗa maka ba, kuma ba namijin da zai faɗa maka a garin nan ko za a yanka shi. Ka je wurin Inna Gaji. Ita ta wuce jin kunyar kowa."

Inna Gaji ita ce shugabar iyaye mata na lakwal, tsohuwa ce siririya mai goro a kunci, rabin garin ita ta karɓi haihuwarsu. Ranar Asabar ce, ba karatu. Na yi sallama a ƙofarta, ta fito da sandarta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai ihun safiya? Ɗan gidan mutunci ne kai, an ji. Biyo ni."

Ta ratsa da ni farfajiyar lakwal har bayan azuzuwa, inda wasu ƴan ɗakuna suke jingine da katanga, ginin bulo, ba rufi. Makewayin yara ne, na maza a wancan gefe, na mata a nan. Ta nuna na matan da sanda ta ce, "Shiga."

Na ce, "Inna, ni?"

"Da wa nake? Shiga ka ja ƙyauren."

Na shiga, da furfurata da komai. Ta ce daga waje, "Tsuguna." Na tsuguna. Ta ce, "To ɗaga kanka."

Na ɗaga. Anten ɗina ne ya cika sararin ɗakin. Ga hawan da muka tsaya a kai, ga puli, ga igiyata tana reto, ga ma tsumman da nake goge zufa da shi na bar shi ɗaure a ƙarfe, ina iya ganin launinsa. Daidai inda nake tsayawa in ƙulle bulon, nan ne saitin kan duk wadda ta tsuguna a wurin. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, ni kaɗai a cikin ɗaki.

Na fito na ce, "Inna, wallahi ba wanda ya taɓa kallo. Idonmu a kan ƙarfe yake. Ban ma taɓa ganin kowa ya shiga nan ba."

Ta ce, "Yo wa zai shiga? Matan gida ka yi musu kira, sun san lokacinka, suna gama abin da za su yi kafin ka hau. Ƴar lakwal fa? Lokacin da kake sama shi ne lokacin da take nan. Tun safe suke matsewa har a tashi. Jikata ruwa ta daina sha don kada ya kama ta. Akwai wadda abin ya kuɓuce mata a kan benci, budurwa, gaban maza. Ita ce ta fara zama a gida. Ranar kasuwa kuma wani shaƙiyyi daga garin gaba ya tambayi ubanta wai gaskiya ne an kafa wa baƙi tsani a kan ƴan matanmu?"

Ni mai walda ne, nan take hannuna ya fara aunawa. Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Inna. Ina da ƙarfe, kwano kuma a Mirriya. Kafin Litinin na rufe shi."

Ta buga sandarta a ƙasa. "Kul! Ranar da ka ɗora kwano a nan, ka yi shela ke nan. Iyayensu sun tsaya gaban duniya sun ce iska ce mai sa ciwo. In ka rufe wurin nan suka maido da yara, kowa ya gane ba iska ba ce, kowa ya ce ashe da gaske an gan su. Ka wanke ƙarfenka ka shafa wa ƴaƴanmu. Kuma kai kana kira kafin ka hau, na ji. Wanda za a turo gyara baɗi fa, shi ma ɗan magini ne?"

Wannan shi ne abin da nake so ku gane, ku masu cewa hawa ne kawai. Maganar iska ba ƙarya ba ce kawai da za a ƙaryata da na'ura. Mayafi ce gari ya yafa wa ƴaƴansa. Duk bayanin da muke yi, ƙoƙarin fizge mayafin muke ba mu sani ba, shi ya sa muna ƙara bayani suna ƙara riƙewa. Hanya ɗaya ce ƴan matan za su koma aji ba tare da an taɓa mutuncin kowa ba: anten ya tashi, a kan dalilin da iyayen suka faɗa.

Da Mushe Abdu ya zo ban yi masa dogon zance ba. Na kai shi wurin, na ce ya shiga ya tsuguna. Ya fito yana goge gilashinsa. Sannan ya ce, "Shef, abin da zan gaya wa Yamai shi ne mutanen gari suna tsoron iskar anten kusa da lakwal, kuma ba za su sauka ba. Wannan gaskiya ne ai." Na ce gaskiya ne. Daga ni sai shi sai matan nan biyu, ba wanda ya ƙara ɗaga maganar.

Yamai ba ta ji daɗi ba. An zuba beto, an kawo ƙarfe, an kai rabi, sannan a ce a tashi? Aka ce a jira, gari zai gaji. Gari bai gaji ba, mu muka gaji. Wannan ce muguwar shekarata a sana'a. Aka daina ba ƙungiyata aiki, ana cewa mu ne ba mu iya zama da mutane ba. Ma'aikatana suka watse, wani Agadas, wani Kano. Na koma Zango ina walda ƙofofi kamar farkon rayuwata. Sanyi ya zo ya wuce, rabin anten yana tsaye a kan lakwal ba mai hawa, amma ƴan mata ba su koma ba, don ba wanda ya san ranar da za a sake hawa, kuma iyaye sun riga sun ce sai an cire. Madam Hawa ta gwada tara su da yamma a gidan Inna Gaji. Kaɗan ke zuwa, su ma da tsintsiya ko tulu a hannu, a kan hanyar aike. Duk lokacin da ta shigo Damagaram takan biyo ta garejin da nake walda ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta cewa komai sai, "Malam Laminu, damina na matsowa." Mushe Abdu kuwa sawu ya yi ta yi zuwa Yamai da ƙafarsa. Ya samo wani tudu can bayan gonaki, nesa da gida da lakwal. A ƙarshe aka yarda, amma shi aka ɗauke shi daga yankinmu, ban ƙara aiki da shi ba.

Izini ya zo cikin tsakiyar bazara, lokacin da ƙarfe ke ƙona hannu tun hantsi. Kwance anten ya fi kafa shi wuya nesa ba kusa ba. Wajen kafawa, kowane ƙarfe da ka ɗora yana ƙara maka wurin tsayawa. Wajen kwancewa, abin da kake tsaye a kai shi kake ragewa. Bulon da ya sha rana wata da watanni ya kafe, sai ka zuba mai ka jira, ka dafa da ƙirji. Kafin ka cire na ƙarshe dole ƙarfen ya riga ya rataya a igiya, kuma igiyar ta yi tauri daidai, in ta yi sako ya faɗo ya ja ka, in ta yi tsauri ya yi tsalle ya doke ka a haƙarƙari. Kowane ƙarfe sai na shafa masa lamba da fenti kafin ya sauka, don a can tudu a gane mazauninsa. Asabar da Lahadi kawai muke hawa, lokacin da ba kowa a lakwal, kuma ban fasa kirana ba ko sau ɗaya.

Mutum biyu kawai na samu daga tsofaffin ma'aikatana, ba mai jan igiya a ƙasa. Safiyar farko ina tsaye ina tunanin yadda za a yi, sai ga magidantan nan, su dai masu tabarmi, sun naɗe hannun riga. Mai gari ya ce, "Shef, nuna musu inda za su kama." Na koya musu yadda ake saki a hankali, da kalmar da zan faɗa su tsaya cak. Manoma ne masu jan guga, hannunsu ya san igiya. Ban taɓa samun ƴan ƙasa masu natsuwa irinsu ba. Ɗayansu, uban yarinyar da ta fara zama a gida, shi ke gaba a igiya kullum. Da ƙarfen ƙarshe ya taɓa ƙasa ya miƙo mini hannu ya ce, "Sannu Shef. Ka raba mu da iskar nan." Na ce, "Allah ya kiyaye gaba, iska ba ta da kyau kusa da yara." Muka kalli juna, muka saki hannu.

Anten yana can kan tudu yanzu, ni na kafa shi, garin na da rezo har cikin ɗaka. In kuka je kuka tambaya za a ce muku an matsar da shi ne saboda iska mai sa ciwo, kuma in kuka tambaye ni a gabansu haka zan ce. Tun daga wannan aikin, duk inda aka nuna mini fili, kafin in sauke ko bulon ɗaya sai na zaga unguwa da ƙafa. In shiga lakwal, in shiga bayan masallaci, in nemi tsohuwar gari in gaishe ta, in sami wuri mafi ƙasƙanci in tsuguna in ɗaga kai. Matasan da nake koya wa aiki suna dariya in sun ga shef a tsugune. Ina barin su su gama, sannan in ce su ma su tsuguna.

Ƙarfen ƙarshe ranar Lahadi ya sauka. Litinin da safe muka zo ɗaukar kaya, muna lodi a bayan katanga, ba abin da ya rage a filin sai dandamalin beto. Aka buga ƙarfen shiga aji, tsohon wilin mota ne rataye a bedi. Maza suka shige da gudu. Madam Hawa tana tsaye a ƙofar ajinta da alli a hannu, ba ta shiga ba, idonta a kan hanya. Ni ma na bar igiyar da nake naɗewa. Aka ɗan jima ba kowa.

Sai ga Inna Gaji ta ɓullo daga lungu tana dogara sanda, bayanta ƴan mata a jere, da hijabansu da littattafai a ka. Ba duka ba ne, wasu shekarar ta riga ta cinye su. Amma sun fi rabi. Madam ta matsa gefe suna shiga tana taɓa kafaɗar kowacce, bakinta na motsi, ban ji abin da take faɗa ba.

Muna gab da gama lodi aka fito hutun hantsi. Wata doguwa daga cikinsu ta je randa ta sha ruwa, moɗa cike, ta ƙara. Sannan ta ɗauki buta ta nufi bayan azuzuwa, tana tafiyarta a hankali tana yi wa ƙawarta magana. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai sama ba.

Na juya mata baya, na ce wa direba ya tada kamiyo.